Haruffan Ado a Shahadar Sauka: Ina Suka Dace, Ina Ba Su Dace Ba?

Sakataren Kwamitin Islamiyya, ƙasar Jahun:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar masana da ke cikin wannan zaure a kan wani aiki da ke gabanmu. Makarantarmu za ta yi walimar saukar Alƙur'ani bayan an kammala girbi, kuma kwamiti ya ɗora mini alhakin buga abubuwa uku: takardar shahada ga kowane ɗalibi, katin gayyata, da babbar bana wadda za a ɗaura a bakin titi. Yaron da ke yi mana aikin kwamfuta ya kawo samfuri da wasu haruffa da ban saba gani ba, masu sanda kakkaura a gefe ɗaya da layi siriri ƙwarai a ɗaya gefen, kowane harafi kuma yana tsaye a kan wata 'yar dunduniya. A fuskar kwamfuta sun yi kyau matuƙa, har Alhaji shugaban kwamiti ya ce a yi komai da su, tun daga sunan makaranta har zuwa ƙananan bayanan da ke ƙasan kati. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba, domin da na kai wa mahaifina katin gwaji, ya kasa karanta ƙananan layukan ko da tabarau. Shin laifin haruffan ne, ko kuwa laifin yadda aka yi amfani da su?

Mai Shagon Kwamfuta, Gujungu:
Wa alaikumus salam. Malam Sakatare, ni ne na yi samfurin, saboda haka bari in faɗi dalilina kafin manya su sa baki. Sunan haruffan Bodoni, suna zuwa ne tare da Microsoft Office, kuma na zaɓe su ne saboda irinsu nake gani a kwalayen turare da bangon mujallun ado na ƙasashen waje. Na gaji da ganin kowace shahada a yankin nan da haruffa iri ɗaya, an ja su an miƙe su don kawai su cika takarda. Yaran da suka yi shekara da shekaru suna hadda sun cancanci takarda mai kwarjini, kuma ban ga abin da zai sa a ce abin da ya dace da birni ya fi ƙarfin ƙauye ba.

Tsohon Ma'aikacin Maɗaba'a, Ringim:
Ɗana, niyyarka mai kyau ce, idonka kuma bai yaudare ka ba, haruffan suna da kyau. Sai dai ka ɗauki abin da aka yi domin wuri ɗaya ka baza shi ko'ina. Mai sunan, Giambattista Bodoni, gwanin ɗab'i ne a garin Parma na ƙasar Italiya, ya rayu daga 1740 zuwa 1813, kuma shi da gidan Didot na birnin Faris ne suka kai wannan salo maƙura a ƙarshen ƙarni na 18. Abin da suka yi shi ne, suka ƙara wa sandunan tsaye kauri, suka rage na kwance har suka koma zare, sannan dunduniyar harafi, wadda masu sana'ar ke kira serif, suka mayar da ita ɗan layi miƙaƙƙe kusan babu gwiwar da ke haɗa ta da sanda. Ba su sami damar yin haka ba sai da takarda ta yi santsi, tawada ta yi kyau, injin bugu kuma ya daidaita. John Baskerville na Birmingham ne ya share musu hanya tun a 1757 da takardarsa mai sulɓi da baƙar tawadarsa. Ka ga ke nan tun asali kyan wannan harafi rataye yake a wuyan takarda da bugu. In ɗayansu ya gaza, shi ma ya gaza.

Abu na biyu, wanda ku matasa ba ku riska ba, shi ne a zamanin dalma kowane girma da nasa zane. Lokacin da nake aiki a wata maɗaba'a a Kano, akwatin haruffa masu girman lamba 10 dabam yake da na lamba 36, kuma idan ka ɗauko harafin *a* daga kowannensu ka duba da gilashin ƙara girma, za ka tarar ba ƙaramin aka faɗaɗa ya zama babba ba. Ƙaramin ya fi ƙwari a siraran wurarensa, cikinsa ya fi buɗewa, tazararsa da maƙwabcinsa ta fi yawa. Babban kuwa an siranta shi an matse shi, domin idan abu ya girma ido yana iya ɗaukar ƙyale-ƙyalensa. Da kwamfuta ta zo, sai ta ɗauki zane ɗaya tana ja tana saki, daga lamba 6 har 200. Idan zanen da ta ɗauka na kanu ne, to da ka rage shi zuwa lamba 9 sirarin layin zai koma abin da firinta ba ta iya riƙewa, mai karatu ya ga sanduna a jere kamar darnin kara da ba a gitta masa komai ba. Abin da mahaifin Sakatare ya gani ke nan, ba laifin tabaransa ba ne.

Alaramma, wata tsangaya a ƙasar Taura:
Allah ya saka wa Baba da alheri. Ni ban san aikin kwamfuta ba, amma maganar kauri da siranta ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin daga bakin alƙalami take fitowa. Idan an feƙe kara aka bar bakinsa da faɗi, in ka ja shi ƙasa layi ya yi kauri, in ka ja shi gefe ya sirance, ba tare da ka danna ba. Yaron da ke babbaƙu ana rubuta masa allo da alƙalami mai faɗin baki don ya ga kowane harafi tangaran, mai rubuta Mushafi kuwa yana da na baƙi, yana da na wasali da jar tawada, yana da na kan sura da zayyana. Ban taɓa ganin gwanin da ya rubuta dukan shafi da alƙalamin kan sura ba. Tambayata dabam ce: shahadar sauka ba ta yiwuwa sai da Basmala da 'yan layukan Larabci a sama, kuma wanda aka nuna mini an yi shi ne da hannun Gabas, wato salon rubutun ƙasashen Larabawa na Gabas. Yaranmu da Warshu suka yi karatu, da hannunmu na nan suka saba. Ko akwai yadda za a yi kwamfuta ta rubuta irin namu?

Ɗalibin Zane-zane, ɗan asalin Jahun:
Allah ya gafarta Malam, akwai. Cibiyar SIL, mai nazarin harsuna, ta fitar da wasu haruffan Ajami masu suna Alkalami, waɗanda aka zana bisa salon rubutun Kano, irin wanda ake gani a littattafan da ake sayarwa a kasuwa, kuma kyauta ake sauke su. Suna da kauri da cika, saboda haka za su zauna daram a saman shahada. Abin lura kawai shi ne kada a bar layin boko da ke ƙarƙashinsu ya yi sirantar da za su danne shi.

Maganar alƙalami da Malam ya kawo kuwa ita ce ginshiƙin wannan fanni gaba ɗaya. Haruffan da Nicolas Jenson ya yanka a birnin Benis na Italiya a 1470, da waɗanda Claude Garamond ya yi a Faris a ƙarni na 16, duk suna bin sawun alƙalami mai faɗin baki da aka riƙe a karkace. Shi ya sa idan mutum ya dubi harafin *o* nasu, zai ga siraran wuraren ba saitin sama da ƙasa suke ba, sun ɗan kauce, kuma bambancin kauri da siranta bai yi tsanani ba. Na Bodoni da Didot kuwa sun fi kama da aikin alƙalami mai tsini wanda bakinsa ke buɗewa idan an danna, sai kaurin ya tsaya a miƙe, sirantar ta koma saitin sama da ƙasa sosai. Wannan tsayuwar ce ke ba su kwarjini, ita ce kuma ke sa ido ya gaji a dogon karatu, domin tana jan ido sama da ƙasa alhali layi gaba yake tafiya. Ita kanta dunduniyar ta girmi ɗab'i nesa ba kusa ba: tana nan a rubutun da aka sassaƙa a gindin ginshiƙin Trajan a birnin Rum a shekara ta 113, kuma wani malami, Edward Catich, ya kawo hujja a 1968 cewa da burushi mai faɗi ake fara zana haruffan a jikin dutse kafin a sassaƙa, wato hannun mai burushin ne ya haifar da ita.

Game da abin da Baba ya ce an rasa, ya fara dawowa. Tun daga 2016 aka sami tsarin da harafi ɗaya zai iya ɗauke da zanen manya da na ƙanana a cikinsa, kuma Bodoni Moda da ke Google Fonts yana da wannan. Wasu kuma a sunansu ma an yi gargaɗi. Playfair Display, wanda Claus Eggers Sørensen ya fitar a 2011, kalmar da ke ƙarshen sunansa tana nufin na kanu ne da manyan rubutu, ba na cikin shafi ba.

Malamar Hausa, sakandaren 'yan mata:
Assalamu alaikum. Na karanta bayanan malamai kuma na ƙaru, amma ina ganin ba a nan gizo yake saƙar ba. Na buɗe samfurin da Sakatare ya turo, na ƙara masa girma, sai na ga harafin *ƙ* a cikin kalmar Alƙur'ani ba ɗan gidan ba ne. Sauran haruffan suna da sanda kakkaura da zare siriri, shi kuwa kaurinsa ɗaya ne daga sama har ƙasa, ya ma fi 'yan'uwansa gajarta. Haka *ɗ* ɗin da ke cikin kalmar ɗalibi. Abin da ya faru shi ne haruffan da aka zaɓa ba su da baƙaƙenmu masu lanƙwasa, sai kwamfuta ta aro daga wani wuri ta cike gurbin ba tare da ta yi shawara da kowa ba. A ƙaramin rubutu ana iya kawar da kai, amma a babban kai mai tsawon inci guda, a kalmar da ta fi kowace daraja a takardar, wannan aibi ne da kowa zai gani.

Kuma kada wani ya ce a cire lanƙwasar a huta. Tun a shekarun 1930 aka tsayar da waɗannan baƙaƙe a rubutun boko, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya a 1939, kuma da injinan dalma aka riƙa buga Hausa da lanƙwasarta shekara da shekaru. A shekarun 1980 ma, da Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta so a sami haruffan da za su wadaci harsunan Nijeriya, har sai da Hermann Zapf, mashahurin mai zana haruffa na Jamus, ya sa hannu a aikin. Idan an yi wannan wahala tun kafin kwamfuta ta yaɗu, ban ga uzurin da muke da shi yau ba. A ra'ayina, duk harafin da ba shi da ɓ, ɗ da ƙ, manya da ƙanana, to komai kyansa ba na rubuta Hausa ba ne.

Mai Shagon Kwamfuta, Gujungu:
Malama, na ga abin da kika gani, kuma ina da dabarar da nake yi a manhajar zane ta CorelDRAW idan aikin ya kusa fita. Nakan mayar da kalmar ta zama zane, in yanko lanƙwasar saman harafin *f* in ɗora a kan sandar *k* ko ta *d*, sai ta fito kamar da ma can haka take. Na yi wa mutane da yawa haka a katin ɗaurin aure, babu wanda ya taɓa dawowa da ƙorafi.

Ɗalibin Zane-zane, ɗan asalin Jahun:
Ɗan'uwa, dabararka ba ta banza ba ce, domin masu zana haruffa su ma kan *f* suke duba idan za su yi lanƙwasar *ƙ* da *ɓ*, don ta ƙare da ɗigo ko tsini iri ɗaya da na sauran gidan. Amma daga nan aikin yake farawa. Ɗauki *ɗ*: lanƙwasarta tana leƙawa dama, bisa kan harafin da ke biye, kuma a Hausa sau da yawa *i* ne ke biye, kamar a faɗi, ɗinki, da ɗin da muke sawa ko'ina. Idan ka ɗora kan *f* yadda yake, ɗigon lanƙwasar zai yi karo da ɗigon *i*, su zama dunƙule ɗaya. Dole a gajarta lanƙwasar ko a ƙara 'yar tazara. Manyan Ɓ da Ɗ kuma tasu lanƙwasar a hagu take, babu wani harafi da za ka yanko ta daga jikinsa, sai dai ka zana da hannunka, kuma a salo mai tsananin kauri da siranta kuskuren rabin milimita ma yana fitowa fili.

Sannan ka tuna ba kalma ɗaya za ka yi ba. Sunayen ɗalibai ne da na iyayensu, kowace shahada da nata, ga masu Ɗan a sunansu, ga sunayen garuruwa. Da ka mayar da suna zane, ba ya gyaruwa sai ka sake daga farko. Kowane ɗaya daga baƙaƙen nan yana da lambarsa a Unicode, tsarin da kwamfuta ke gane baƙaƙe da shi, misali *ƙ* tana U+0199, *ɗ* tana U+0257, saboda haka abin da ake bukata shi ne harafin da mai shi ya zana su tun farko. Noto Serif Display na Google yana cikin irin salon da kake so, mai kauri da zare, kuma gidan Noto an yi shi ne musamman don ya game harsunan duniya. Na ƙananan layuka kuwa akwai Charis da Gentium na SIL, dukansu kyauta, dukansu da baƙaƙenmu. Kafin ka ƙaunaci kowane harafi, fara buga masa Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ ka gani, har da Ƴ ƴ idan aikin na mutanen Nijar ne, tunda su haka suke rubuta abin da mu muke rubutawa da 'y.

Mai Rubutun Allon Talla, Ringim:
Ni magana ɗaya ce ta kawo ni, ita ce ta bana. Da burushi da fenti na fara wannan sana'a kafin injin fileks ya zo, kuma abin da titi ya koya mini shi ne mai karanta allon bakin hanya ba a tsaye yake ba. Yana kan babur ne, ko ya leƙo ta tagar mota, rana tana dukan idonsa, kuma walimar nan bayan girbi ce, wato lokacin da hazo ya sauko, ƙura ta lulluɓe komai. Sati ɗaya bana za ta yi a waje ƙura ta kwanta mata, sirarin layin nan shi ne farkon abin da zai ɓace, sai H ta koma sanduna biyu, E ta koma I. Ga shi kuma na ga an yi farin rubutu a kan kore. A bugu, launin bango yakan ɗan ci gefen farin harafi, wanda ba komai ba ne ga layi mai kauri, amma ga zare shi ne ajalinsa. Ƙa'idar da muke bi ita ce kusan inci ɗaya na tsawon harafi ga kowace ƙafa 10 ta nisan mai karatu, kuma wannan lissafin na haruffa masu cikakken jiki ne. Shawarata, a bar haruffan ado ga shahada da kati, waɗanda ake riƙewa a hannu a zauna a duba, a yi bana da haruffa marasa dunduniya masu kauri.

Shugaban Kwamiti:
Assalamu alaikum. Na ga ana ta ambatona, shi ya sa na ce bari in yi magana da kaina. Dalilin da ya sa na ce a yi komai da harafi ɗaya shi ne ina son wanda ya ga bana a titi, ya karɓi kati a gida, ya kuma ga shahada a hannun ɗansa, ya san duk daga wuri ɗaya suka fito. Yanzu kuma ina jin ana lissafa mini na Larabci dabam, na kanu dabam, na ƙananan layuka dabam, na bana dabam. Ina tsoron kada takardar ta zama taron kasuwa. Kuma ina so a gaya mini gaskiya ko wannan zai ƙara mana kuɗin bugu, domin karo-karon iyaye ne muke kashewa.

Tsohon Ma'aikacin Maɗaba'a, Ringim:
Alhaji, ranka ya daɗe, damuwarka tana kan hanya, kuma ba za a ƙara ko kwabo ba, domin mai injin takarda da launi yake caji, ba ya cajin harafi. Haɗin kan da kake nema ba ya bukatar harafi ɗaya a kowane layi. Abin da ake yi shi ne a tsayar da sunan makaranta a siffa ɗaya, da haruffan ado, da launi ɗaya, a maimaita shi a duk abin da aka buga, sauran rubutu kuma a ba shi harafin da ba ya jan hankali. A boko gida biyu sun isa: na ado ga sunan makaranta, da kalmar Shahada, da sunan ɗalibi, na aiki ga duk abin da ya yi ƙasa da lamba 18 ko makamancin haka. Harafin ado yana son sarari kewaye da shi. Idan aka cika takarda da shi, aka ƙara masa inuwa da zobe da furanni a kowace kusurwa, darajarsa ta zube, domin babu abin da ya rage da zai fifita a kai.

Ina kuma jan kunnen ɗana na Gujungu a kan abu ɗaya da na gani a samfurin: ka ja sunan makaranta ta gefe don ya cika faɗin takarda. Idan ka ja irin wannan harafi ta gefe, sandunan tsaye suna ƙara kauri, na kwance suna nan yadda suke, ma'aunin da mai zanen ya ɓata lokaci yana daidaitawa ya rushe. In layi bai cika ba, ka ƙara girman harafin gaba ɗaya, ko ka ɗan buɗa tazara idan manyan baƙaƙe ne zalla, ko kuma ka bar shi da sararinsa.

Ɗalibin Zane-zane, ɗan asalin Jahun:
Ina tare da Baba, amma ban yarda da mai allon talla ɗari bisa ɗari ba. Haruffan kanu ai don manyan rubutu aka yi su, kuma tun farkon ƙarni na 19 masu ɗab'i a Landan suka ƙirƙiro masu ƙiba daga wannan salo na Didot da Bodoni, musamman domin takardun talla da ake liƙawa a bango. Idan aka ɗauki mafi kaurin gidan aka rubuta sunan makaranta kaɗai, baƙi ko kore mai duhu a kan fari, da tsawon da ya kai ƙafa guda, ina ganin zai karantu daga titi, burin Alhaji kuma ya cika.

Mai Rubutun Allon Talla, Ringim:
Ƙanena, na san masu ƙibar da kake nufi, na sha zana irinsu. Sandar ce ke ƙara ƙiba, zaren yana nan a zarensa, har ma bambancin ya fi tsanani. Takardar bango kuma mai tafiya da ƙafa ke karanta ta, ba mai gudu a kan kwalta ba. Amma ba zan yi gardama a kan abin da ido zai iya rabawa ba. A buga sunan iri biyu a ƙyalle ɗaya mai tsawon ƙafa 3, a rataye a bakin shago ranar Lahadi da kasuwar Gujungu ke ci, a tsaya a ɗaya gefen titi da hantsi da kuma dab da magariba. Idan mai ado ya karantu a lokutan biyu, na janye maganata. In kuma an nace sai shi, to a bar ni in ƙara wa siraran layukan kauri kaɗan da hannu kafin a kai wa mai inji, kamar yadda muke yi da burushi.

Mai Shagon Kwamfuta, Gujungu:
Na amince da gwajin, kuma ƙyallen a wuyana. Ina da tambaya ga Baba game da shahadar kanta: Alhaji yana son sunan makaranta ya fito da ruwan zinare. Sannan yawancin mutane hoton katin za mu tura musu ta WhatsApp, ba na takarda ba.

Tsohon Ma'aikacin Maɗaba'a, Ringim:
Idan zinaren gaske kake nufi, wanda ake mannawa da zafi, to ka tambayi mai injin a Kano iyakar sirantar da zai iya riƙewa kafin ka gama zane, domin a layi mai tsananin siranta yakan tsinke ko ya ƙi kamawa, musamman a takarda mai gurzu-gurzu. Idan kuwa launin zinare ne na firinta, ka sani haɗin ɗige-ɗige ne na rawaya da ja da ɗan baƙi, kuma in launukan suka ɗan goce wa juna zaren zai fito da inuwa. Launi ɗaya mai duhu a kan takarda mai kauri da santsi ya fi zinaren da bai zauna ba. Ka kai aikin a PDF, kada ka kai hoto, kuma ka tabbatar haruffan suna cikin fayil ɗin, don kada kwamfutar can ta musanya su da nata.

Na WhatsApp kuwa ka yi masa nasa dabam. Manhajar tana matse hoto don ya yi sauƙin tafiya, siraran layuka ne ke fara dusashewa, kuma a ƙaramar waya za a duba shi. Ka rage yawan kalmomi, ka ƙara girmansu, rana da wuri da lokaci su kasance da harafin aiki.

Malamar Hausa, sakandaren 'yan mata:
Tunda za a sake zanen, ina da ƙananan gyare-gyare biyu da babban harafi ke tona wa asiri. Na farko shi ne alamar ɗauri da ke gaban 'y, kamar a 'ya'ya da 'yan'uwa. Idan ta zo a farkon kalma, kwamfuta takan ɗauka buɗe zance ake yi, sai ta juya ta ta koma siffar 6, ta tsakiyar kalma kuma ta fito a siffar 9. A layin da aka rubuta "iyaye da 'ya'yansu" na ga alamun biyu suna kallon juna, alhali dukansu siffar 9 ya kamata su ɗauka. Na biyu shi ne lambobi. Wasu haruffa, irin su Playfair Display da Georgia, lambobinsu ba tsawo ɗaya ba ne, wasu suna hawa wasu suna sauka ƙasan layi, kuma 1 da 0 nasu gajeru ne. A cikin jimla suna da kyau, amma a shekarar Hijira da ta Miladiyya da za a rubuta kusa da manyan baƙaƙe, dattijo zai iya ɗaukar sifilin a matsayin harafin *o*. A duba a zaɓi lambobi masu tsawo ɗaya a wurin kwanan wata.

Sakataren Kwamitin Islamiyya, ƙasar Jahun:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Zan aika wa Malama jerin sunayen ɗaliban a daren nan don ta duba lanƙwasa da alamar ɗauri kafin a shigar da su, domin a rajistarmu an rubuta wasu da lanƙwasa wasu babu. Alaramma, idan an sauke Alkalami za a buga Basmalar a takarda a kawo maka tsangaya ka duba ɗigon *fa* da na *ƙaf* ko sun zauna yadda muke rubutawa, kafin a ɗora ta a kan shahadar.